Gyaran lilo lokacin da wurin wasa yake rufe: a fara da tsofaffi ko a kafa sabo?

Manajan Lilo:
Assalamu alaikum. Ina kula da wani ƙaramin wurin wasan yara a Arewa, inda muke da lilo mai juyawa, da motocin karo, da ɗan jirgin ƙasa mai zagaya fili. Kasuwarmu ta Sallah ce, kuma a watan azumi ne kaɗai muke samun sararin rufe ƙofa. Bana mai wurin yana so a kawo babban lilo daga ƙasar Sin a kafa shi kafin ƙaramar Sallah, ni kuwa ina ganin kuɗin ya fi cancanta da kwance tsofaffin a duba su ciki da bai. Ina roƙon waɗanda suka taɓa wannan aiki da hannunsu su faɗa mana abin da suka gani.

Injiniya a Ingila:
Wa alaikumus salam, Malam Manaja. A nan manyan wurare irin su Alton Towers suna rufewa a farkon Nuwamba, sai Maris su sake buɗewa, kuma ga mu masu gyara waɗannan watanni su ne lokacin da aiki ya fi yawa. A wurin da nake aiki, da zarar baƙi sun watse ake sauke taragun jirgin hawa da gangara daga kan dogo, a kai su shagon gyara, a kwance kowane tarago har sai ƙashin ƙarfensa kaɗai ya rage. Tayoyinsa iri uku ne: na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe masu riƙe shi a kwana, da na ƙasa masu hana shi tashi daga dogo, kuma kowace ana duba robarta da boris ɗinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin tsaga. Ana wanke ƙarfen tas, a fesa masa farin fenti mara kauri, a ɗora maganaɗisu a kansa, sannan a zuba wani baƙin ruwa mai garin ƙarfe. In akwai tsaga, garin zai taru a kanta ya zana baƙin layi siriri kamar gashin kai, a wurin da ido ya duba ya ce lafiya lau. Bayan an mayar da komai, wani mai bincike wanda ba ma'aikacin wurin ba ne yake zuwa a ƙarƙashin ADIPS, wato tsarin binciken lafiyar kayan wuraren wasa na Birtaniya, ya duba ya ba da takardar shekara, kuma kafin ɗan Adam ya hau sai an ɗaura gumakan roba cike da ruwa a kujerun an yi ta zagayawa da su. Wani lokaci gyaran yakan wuce na watanni: jirgin Nemesis na Alton Towers, wanda aka buɗe a 1994, an rufe shi a Nuwamban 2022, aka sauya masa mafi yawan dogonsa, bai dawo ba sai Maris na 2024.

Mai Walda:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma namu ya sha bamban. Ni ba a kirana sai Sallah ta ƙarato, lokacin da mai fenti ya riga ya gama nasa. An taɓa kirana wani wuri in ɗinke hannun lilo da ya tsage kusa da gindi, da na ƙwanƙwasa bututun da guduma sai na ji ƙarar ta mutu, na huda shi, jan ruwa ya tsiyayo. Ruwan damina ne ya shiga ta sama ya kwanta a ciki, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki, waje kuwa yana sheƙi da sabon fenti. Na ce sai an yanke an sauya bututun gaba ɗaya, mai wurin ya ce in dai liƙe shi a wuce Sallah, na tattara kayana na tafi. Duk wanda ya ga bidiyon lilon da ya karye a Ɗa'ifa ta Saudiyya a Yulin 2025, inda fiye da mutum 20 suka jikkata, ya san abin da ake gudu. Sai kuma ƙurar hunturu, wadda ke cakuɗewa da giris ta riƙa cin boris a hankali. Ƙara sabon giris a kan tsoho ba gyara ba ne, sai an wanke da kananzir tukuna.

Ɗan Ohayo:
Ni ɓangaren gini na sani, domin na yi aiki da kamfanin zuba kankare a wani wurin wasa a nan Amurka. Ana fara haƙa ramuka tun kafin a rufe wurin, saboda a zuba fandisho kafin ƙasa ta daskare, kuma ana dasa dogayen kusoshin da za su riƙe ginshiƙai cikin kankaren bisa ma'aunin da bai yarda da kuskuren ko ɗan yatsa ba. Malam Manaja, ka lura da wannan lissafi: ƙarfin kankare a kwana 28 ake auna shi, azumi kuwa kwana 29 ne ko 30. Ko a daren farko aka zuba fandisho, babu sauran lokacin kafa lilo, da haɗa wuta, da gwaji. Sabon abu ma ba ya nufin babu matsala. A wurin wasa na Cedar Point da ke Sandusky, bakin tafkin Iri, an buɗe jirgin hawa da gangara na Top Thrill 2 mai tsayin mita 128 a Mayun 2024, bayan kimanin mako guda aka rufe shi domin gyara taragunsa, kuma bai sake ɗaukar kowa ba sai 2025.

Hajiya Mai Fili:
Ina tare da ku a kan gyara, amma bari in ɗan tsaya wa mai wurin, tunda ni ma mai wuri ce. Yaro ba ya jan hannun ubansa zuwa inda ya haddace komai, kuma kuɗin tikitin da sabon lilo ke kawowa shi ne yake sayen boris da man janareta. Na taɓa sayo ɗaya daga Zhengzhou, inda masana'antun irin waɗannan kaya suke da yawa. Kwantenar ta daɗe a tashar jiragen ruwa ta Legas har Sallar da muka yi niyya ta wuce, littafin haɗawa ya zo da rubutun Sinanci, sannan muka tarar janaretanmu ba ya iya tayar da injin lilon idan sauran na aiki. Duk da haka ban yi nadama ba, ya mayar da kuɗinsa. Shawarata ita ce a sa kayan gyara na shekara biyu cikin cinikin, a nemi littafin da Turanci, a kuma amince tun farko cewa masana'antar za ta turo mai haɗawa. Sannan a daina ɗaura shi da ranar Sallah.

Injiniya a Ingila:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Malam Mai Walda, akwai gwajin da ba ya buƙatar maganaɗisu: gwangwani uku ne na feshi, na wankewa, da jan ruwa mai shiga tsaga, da farin da ke janyo shi waje. Masu aikin bututun mai suna amfani da shi, saboda haka a wajensu za a tambaya.

Manajan Lilo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa Alhaji mai wurin shawarar a kwance lilo mai juyawa da jirgin a wannan azumin, a haƙa fandishon sabon bayan ƙaramar Sallah, a yi fatan buɗe shi da babbar Sallah in kaya sun iso. Malam Mai Walda, ina so ka zo da gudumarka kafin mai fenti ya taɓa komai. Abin da ya rage mini shi ne mai binciken da ba namu ba, wanda zai duba ya sa hannu. Wanda ya san injiniyan da ke irin wannan aiki tsakanin Kano, Kaduna da Abuja ya taimaka ya turo mini saƙo.