Toshewar jijiyoyin jinin ƙafa: me binciken likitoci ya tabbatar?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya daɗe yana fama da ciwon suga, yanzu kuma gyambo ya fito masa a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, ga raɗaɗi da dare wanda ba ya lafawa sai ya sauko da ƙafar daga kan gado. Likitan da ya duba shi ya ce jijiyoyin sun toshe, jini ba ya isa ƙafar, kuma idan ba a buɗe masa hanya ba, abin na iya kaiwa ga yanke ta. Wani kawunmu ya ba da shawarar a fita da shi waje a yi masa allurar ƙwayoyin halittar da ake ɗebowa daga ɓargo, wai suna tsirar da sababbin jijiyoyi ba sai an yi tiyata ba. Kafin mu sayar da fili, ina roƙon masana su faɗa mana abin da bincike ya nuna.

Likita daga Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya. Allurar da kawunku ya ambata an gwada ta, kuma ba ta cika fatan da aka ɗora mata ba. A wani gwaji mai suna JUVENTAS da aka yi a Holan, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2015, an raba marasa lafiya 160 gida biyu, wasu aka ba su ƙwayoyin ɓargon, wasu kuma allurar da babu maganin a ciki, amma ba a ga ta rage yanke ƙafa ba. Ni dai ba zan ce a sayar da fili dominta ba.

Abin da ke da hujja mai ƙarfi shi ne maido da gudun jini, ta ɗayan hanyoyi biyu: ko a ciro lafiyayyar jijiya daga ƙafar mutum a dasa ta yadda jini zai zagaye wurin da ya toshe, ko a zura siririn bututu mai 'yar balan-balan a buɗe jijiyar daga ciki. Gwajin BEST-CLI na 2022 ya haɗa mutum 1,830, akasarinsu a Amurka. Cikin waɗanda ke da jijiyar da ta dace a dasa, kashi 42.6 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata ne suka rasa ƙafa, ko aka sake yi musu babban aiki, ko suka rasu, alhali a ɓangaren bututu adadin ya kai kashi 57.4. Sai dai a 2023 gwajin BASIL-2, mai mutum 345 a Birtaniya da Suwidin da Denmak waɗanda toshewarsu ta shafi ƙasan gwiwa, ya nuna akasin haka, domin yankewa ko mutuwa ta sami kashi 63 a ɓangaren tiyata, kashi 53 a ɓangaren bututu. Toshewar ƙasan gwiwa kuwa ita ce aka fi gani ga masu ciwon suga. Saboda haka zaɓin ya dogara ne da inda toshewar take, da ingancin jijiyar da za a dasa, da ƙarfin zuciyar Baba. Ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Shika, a ɗauki hoton jijiyoyin, ku ga likitan tiyata, kuma kada ku jinkirta.

Mai Kemis a Sabon Gari:
Ranka ya daɗe Likita, ka bar batun magani, alhali a wurina a nan aka fi samun sakaci. Gwajin VOYAGER PAD na 2020, mai mutum sama da 6,500, ya nuna cewa ƙaramin ma'aunin rivaroxaban, wani maganin hana daskarewar jini, tare da asfirin bayan an buɗe jijiya yana rage sake toshewa, ko da yake yana ƙara haɗarin zubar jini, don haka ba maganin da mutum zai saya da kansa ba ne. Dole kuma a riƙe suga da hawan jini, a sha maganin rage maiƙon jini, a rabu da sigari kwata-kwata.

Malamar Jinya, Kofar Doka:
Ƙanena, ko da wata rana za a gayyaci Baba shiga gwajin sabon magani, ku tambaya ko kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya amince da shi, ko NAFDAC ta ba da izini, kuma a karanta muku takardar yarda da Hausa kafin a sa hannu. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a 1996 a Kano ba, kuma suna da dalilin yin tambaya. Wanda ya shiga gwaji yana da damar ficewa duk lokacin da ya so. Kafin ku ga likita kuma, kada a gasa ƙafar da ruwan zafi, kada a kai shi wurin wanzami a tsaga ta, kada a ɗaure ta tamau. Idan yatsan ya fara baƙi, ko ya yi wari, ko zazzaɓi ya zo, ku kai shi sashen gaggawa a ranar.