Tibin Babban Yaya mai tabarau: tsintuwa ce ko sakiyar da ba ruwa?

Babban Yaya: Salamu alaikum 'yan gida. Ku taya ni murna, na yi tsintuwa a Sabon Gari. Tibi ne ɗan Beljiyam, inci 55, mai 3D, wato in ka saka tabarau hoto ya riƙa fitowa daga allo, haɗe da na'urar Blu-ray da tabarau huɗu da faifai tara, duk na jarumta da kasada. Daren jiya na saka Avatar na farko. Akwai wajen da wasu abubuwa farare kamar audugar rimi suke saukowa a jikin jarumin cikin daji, wallahi sai da na miƙa hannu zan cafke ɗaya. Na faɗa kuma ba zan janye ba: kallon 3D a gida ya fi na sinima, kuma duk mai cewa yayinsa ya wuce bai taɓa gani a tibin ƙwarai ba. Ranar Sallah kowa ya hallara gidana, gani ya kori ji.

Auta: Allah ya sanya alheri Yaya. Amma ka san Samsung sun daina ƙera irinsa tun 2016, LG da Sony suka bi sahu a 2017? Tibin nan ya girmi ɗanka na uku fa.

Babban Yaya: Ke Auta, an daina haɗa Fijo 504 a Kaduna tun kina rarrafe, amma je ki hanyar ƙauye ki ga abin da ke ɗaukar buhuna. Daina ƙera abu daban, lalacewarsa daban.

Auta: Fijo mutane ne suka riƙe ta bayan kamfani ya saki. Wannan kuwa mutane ne suka fara saki, kamfani ya biyo baya. Avatar ya fito a ƙarshen 2009, kowa ya rikice, a 2010 aka cika kasuwa da tibin. Gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu ma wasa 25 aka ɗauka da 3D. Tashar ESPN ta buɗe sashe guda don shi a shekarar, 2013 ba ta ƙare ba ta rufe. BBC ma a 2013 ta ajiye. Da aka fito da sabon faifan Blu-ray na 4K, mai ƙarin kyan hoto, a 2016, ko gurbin 3D ba a bari a cikinsa ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Yaran nan kuna ba ni dariya. Mu da muka yi kallo a Plaza da Orion da El Dorado, sama ce rufinmu, in hadari ya taso kowa ya nemi maɓoya, ba tabarau ba komai, amma in jarumi ya daki bos sai ka ji ihun daga bakin titi. Wannan abin mai fitowa daga allo ai ba yau aka fara ba. Amurkawa sun yi yayinsa wajajen 1953 ya mutu, ya farfaɗo a farkon shekarun 1980 ya sake kwanciya. Indiyawa ma sun yi nasu a 1984, na wani aljanin yaro, aka sake fito da shi da Hindi a 1998 da suna Chhota Chetan. Duk bayan shekara talatin sai an tono shi an sayar wa waɗanda ba su ga na baya ba. Wannan karon kai aka samu, ɗana.

Babban Yaya: Allah ya ƙara girma Kawu, amma na zamaninku tabarau ne na kwali. Wannan wani abu ne daban.

Injiniya: Ku dakata. Yaya, ɗauko tabarau ɗin ka duba min. Akwai maɓalli a hannunsa, ko wajen saka batir ko caji?

Babban Yaya: Babu. Sakayau yake kamar na rana, ɗan toka-toka.

Injiniya: To ka tsallake rami ɗaya. Iri biyu ne. Akwai mai batir, wanda gilasansa ke buɗewa suna rufewa bi da bi, dama hagu dama hagu, da saurin da ido ba ya kamawa, tibin kuma yana sauya hoto daidai da su. Wannan kowane ido yana samun cikakken hoto, amma yana da nauyi a hanci, yana ƙyafta in akwai dogon ƙwan fitila a ɗaki, kuma sau da yawa na kamfani kaza ba ya aiki da tibin kamfani kaza. In ya karye ka shiga uku wajen nema. Naka shi ne mara batir. An liƙa wa allon wata leda ce da ke raba layukan hoton, layi ɗaya na idon dama, na ƙasansa na hagu, har ƙasa. Tabarau ɗin tacewa kawai yake yi. Illarsa, faifan yana ɗauke da layi 1080 ga kowane ido, amma tibinka in ba mai 4K ba ne 540 kawai zai ba kowanne. Matsa kusa da allon da tabarau a idonka, za ka ga siraran layuka baƙaƙe kamar saƙar tabarma.

Amma gaskiya ɗaya, ba zan goyi bayan Auta gaba ɗaya ba. Tabarau yana cinye haske sosai, shi ya sa 3D a sinima yakan yi duhu-duhu in ƙwan majigin ya tsufa. A gida kai ke da rimot, ka ƙure hasken yadda kake so. In mutum ɗaya ne ko biyu, a zaune daidai saitin allo, Yaya bai yi ƙarya ba, abin yana da kyau.

Babban Yaya: Kun ji ko? Mai sana'a ya yi magana. Ga shi in an kira salla na tsayar, na je na dawo na ci gaba. A sinima fa? Lissafa kuɗin tikitin mutum tara zuwa Ado Bayero Mall, da kuɗin mota, da gugguru.

Injiniya: Kar ka yi saurin murna, "mutum ɗaya ko biyu" na ce. Kuma girman allo ba abin rainawa ba ne. A sinima allon ya cika maka ido, dutse ya zama dutse. A inci 55 zurfin yana nan, amma mutanen sai su koma kamar 'yartsana a cikin akwati.

Uwargida: Tunda an zo maganar mutum nawa, bari in ba ku labarin daren jiya, don Abban yara ya tsallake shi. Ya kashe fitilu, ya ja labule, ya ɗauko farar kujerar roba ya dasa a tsakiyar falo, ya zauna ƙiƙam kamar mai jiran a ɗauke shi hoton fasfo. Yara shida, tabarau ya rage uku. Waɗanda ba su samu ba suna kallon allo komai biyu-biyu, mutum da inuwarsa, sai kuka. Na raba musu minti goma-goma da agogon waya, na zama alƙaliya da tsakar dare. Da nawa layin ya zo na saka, na kishingiɗa a kan kafet yadda na saba, sai na ga jarumin da kai biyu. Na ce abin ya lalace, ya ce ni ce ban iya zama ba. Shekara goma sha bakwai ina kallo a falon nan, jiya aka ce ban iya zama ba. Ƙaramin kuma ya bankare hannun tabarau ɗaya, yanzu da zare aka ɗaure shi.

Auta: Anti kin kashe ni da dariya wallahi.

Injiniya: Anti ba laifinki ba ne. A bango aka rataye tibin ko?

Uwargida: Can sama, kusa da agogo, don kada yara su taɓa.

Injiniya: Shi ke nan. Irin wannan allon yana yafe wa na gefe, amma ba ya yafe wa na ƙasa. Ledar nan an daidaita ta ne da layukan, in ka hango daga ƙasa sai hoton idon dama ya zubo cikin na hagu. Dole idonka ya zo daidai tsakiyar allon. Kwanciya a gefe kuwa babu irin da ke jure ta, don hotunan biyu dama da hagu aka ɗauke su, ba sama da ƙasa ba.

Kawu: To ai magana ta ƙare. 'Yata ta faɗi abin da duk lissafinku bai faɗa ba. Mu Kanawa yaushe muka taɓa kallo a zaune ƙiƙam? Kallonmu na taro ne. Manya a kushin, mata a kafet, yara a gaba kamar su shige allon, wani yana cin gyaɗa, wata tana tsifar kai, wani ya shigo a tsakiya a ba shi labarin abin da ya wuce. Ana yi ana sharhi, ana zagin bos. Abin da zai ce kowa ya rufe ido da baƙin gilashi, kada ka juya, kada ka kwanta, kada ka ga fuskar ɗan'uwanka lokacin da yake dariya, wannan an yi shi ne don mai kallo shi kaɗai.

Babban Yaya: Kawu, wayar da ke hannun kowa yanzu fa? Ai ita ta kashe kallon taro, ba tibina ba. Jiya ne karon farko a wata da watanni da yaran suka ajiye waya suka taru waje guda, ko da faɗa suka taru.

Sista: Nan kam Yaya ya faɗi gaskiya. Amma bari in sa baki ta ɓangarenmu na asibiti, tunda ranar Sallah za a tara yara. Abin da ke kawo ciwon kai da jiri shi ne, a rayuwa in abu ya matso, idanu biyu suna karkatowa ciki kuma kowanne yana gyara ganinsa zuwa wannan nisan, tare suke tafiya. A 3D kuwa idanun suna bin abin da ya fito gaban hancinka, alhali ganin dole ya tsaya a kan allon da ke bango. An raba abokan tafiya, ƙwaƙwalwa ce ke biyan kuɗin. Wasu ba sa jin komai, wasu minti ashirin sai tashin zuciya. Mai harara-garke ko wanda ido ɗaya ya yi rauni sosai, galibi ba zai ga zurfin ba sam. In yaro ya ce shi bai ga komai ya fito ba, kada a ce ƙauyanci ne, a kai shi a duba idonsa. Ƙanana kuma a yi hankali, kamfanin Nintendo da kansa ya ce 'yan shekara shida zuwa ƙasa kada su yi amfani da 3D na na'urar wasansa. Kuma don Allah a riƙa goge tabarau kafin a miƙa wa wani, kun san yadda apolo ke zagaye gida.

Auta: Ni tambayata ɗaya. In an gama faifai taran nan fa? Wa ke sayar da su a Kano? Masu turi a Farm Centre in ma sun samo maka, irin wanda aka matse hoto biyu gefe da gefe ne, rabin kyan ya tafi tun kafin tibinka ya sake rabawa. Kuma yaran nan fassarar Hausa suka saba da ita. Faifanka da wane yare yake magana?

Babban Yaya: Turanci. Biyu kuma da Jamusanci suka fara, har yanzu ina neman inda ake sauyawa.

Injiniya: In za ka sa a aiko maka wasu, a sayo daga Ingila ko Turai. An raba Blu-ray shiyya uku, mu da Turai muna B, Amurka tana A, kuma na'urarka ta Turai ce, wani faifan Amurka zai ƙi buɗewa. Sannan ba duk mai tambarin 3D ne aka ɗauka da kyamara mai ido biyu ba. Da yawa da kwamfuta aka mayar da su daga baya. Wanda aka yi a tsanake, kamar Titanic da aka sake fitarwa a 2012 bayan an shafe fiye da shekara ana aikinsa, yana da kyau. Na gaggawa kuwa mutane sai ka ce an yanko su daga kwali an jera.

Uwargida: Ni dai a faɗa min yadda za a yi da mutum sama da ashirin da tabarau uku da rabi.

Injiniya: Anti kwantar da hankalinki. Akwai wani kwali a ƙarƙashin teburin shagona, tabarau mara batir ne cike, sun yi ƙura, shekara da shekaru ba wanda ya taya. Zan wanke su in kawo ranar Asabar. Amma sai an sauko da tibin daga bango an ɗora a kan ƙaramin tebur, 'yan kafet su koma baya kaɗan su zauna a miƙe.

Kawu: Ni a ajiye min kushin ɗin kusa da ƙofa. Zan saka na minti biyar don kada a ce na yi hukunci ban gani ba, in jiri ya kama ni in fita in sha iska.

Babban Yaya: Minti biyar ɗin ma sun ishe ni, Kawu. Zan saka maka wajen audugar rimin, mu ga ko ba za ka miƙa hannu ba.

Auta: Yaya har yanzu ba ka faɗa mana nawa ka saya ba.

Uwargida: Ni ma shi nake jira.

Babban Yaya: Injiniya, in za ka zo ka taho da sukundireba, nawa ya ɓata.