Waɗanda annoba ta fi ɗauka: abin da aka tattara a wani zama a Sakkwato

Zaman ya haɗa ma'aikatan lafiya, malamai da 'yan kasuwa, kuma an fi daɗewa kan batun shekaru. Korona ta fi kashe tsofaffi, musamman masu ciwon suga da hawan jini. Shi ya sa Italiya, mai yawan dattawa, ta sha wuya a 2020, alhali fiye da rabin 'yan Najeriya ba su kai shekara 20 ba. Sai dai wani likita ya ja kunne kada a ruɗu: annobar murar da ta game duniya a 1918 ta kwashe matasa majiya ƙarfi, sanƙarau ɗin 2017 da ya addabi Sakkwato da Zamfara kuwa yara ya fi kamawa.

Shawarar da ta fi nauyi a ganina ita ce ta cikin gida. A gidajenmu kaka da jikoki ɗaki ɗaya suke kwana, to idan cuta ta shigo a keɓe wa tsoho ɗaki mai iska, a rage masu zuwa dubiya, kuma kada ya daina shan maganinsa.

An ba da shawarar maigida ya riƙa ba iyalinsa izinin zuwa asibiti tun kafin ya fita, domin jiran dawowarsa yakan jawo asarar rai. Mutumin Isa ko Sabon Birni kada ya jira sai Asibitin Koyarwa na Ɗanfodiyo da ke birnin Sakkwato, ya fara da asibitin kusa.

Kan dokar kulle an yi gardama. Wanda sai ya fita zai ci ba zai zauna ba, sai in an kai masa hatsi. An kuma nemi masu unguwanni su riƙa rubuta mace-mace, tunda ana binne mamaci ranar da ya rasu ba tare da rajista ba.