Kujerar ofis ta gwanjo da aka sabunta: ko ta cancanci kuɗinta a nan Sakkwato?

Akawu daga Mabera:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kayan ofis. Aikina lissafin kuɗi ne, kuma a gaban kwamfuta nake yini, a kan wata kujera mai juyawa wadda sosonta ya riga ya kwanta, ledarta kuma ta fara ɓarewa. A 'yan watannin nan, duk lokacin da na tashi daga aiki sai in ji ƙuguna ya riƙe. Wani dillali ya turo mini hotunan kujerun da ake shigowa da su ta Legas, waɗanda ya ce daga ofisoshin Turai da Amurka aka kwaso su aka sabunta, ciki har da Aeron ta kamfanin Herman Miller da Leap ta kamfanin Steelcase. Kuɗin da ya faɗa mini ya zarce na sabuwar kujera a shagunan cikin gari nesa ba kusa ba, alhali kuwa kaya ne na hannu. Shin daɗin zaman da ake faɗa gaskiya ne? Za ta iya jure zafin bazara da ƙurar hunturu? Me ya kamata in duba kafin in biya?

Mai gyaran kujeru, Tsohuwar Kasuwa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Abu na farko da za ka tambayi dillalin shi ne abin da yake nufi da cewa an sabunta kujerar, domin da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mana gyara an dai goge su ne da tsumma an naɗe a leda, ba a canza musu komai ba. Kujerar da aka sabunta da gaske ita ce wadda aka kwance ta, aka sa mata sababbin abubuwan da ke saurin mutuwa: silindar da ke ɗaga ta da sauke ta, tayoyi, robar da ake ɗora hannu a kai, da soso da yadin mazauni idan mai soso ce. Ƙashin kujerar da injin da ke ƙarƙashin mazauni, wanda ke sa ta kishingiɗa, su ne ainihin abin da kake biya wa kuɗi, kuma a irin waɗannan kujeru sukan daɗe ƙwarai, amma idan injin nan ya lalace, samun irinsa a nan Sakkwato abu ne mai wuya, sai dai a yi odarsa daga nesa.

Saboda haka kada ka sayi kujera a hoto. Idan ba za ka iya zuwa da kanka ba, ka aiki wanda ka amince da shi ya zauna a kanta, ya ɗaga ta har ƙarshe, ya zauna na ɗan lokaci ya ga ko tana sauka da kanta, domin idan tana sauka, silindar ta mutu. Wannan ba babbar matsala ba ce, tunda silindar mafi yawan kujerun ofis girmanta ɗaya ne kuma ana samunta, amma dalili ne na rage kuɗi. Ya jingina baya ya saurara ko akwai ƙara, ya gwada kowane maɓalli da kowace sanda da ke gefe, sannan ya kifar da kujerar ya duba takardar da ke manne a ƙarƙashi, wadda takan nuna sunan kamfani da lokacin da aka ƙera ta. Idan an kankare takardar, ka yi hattara, domin akwai jabu da aka kwaikwayi siffar waɗannan kujeru.

Game da ƙura kuwa, ba ta kashe kujera, amma tana shiga tayoyi ta haɗu da zare da gashin kafet su daina juyawa. Ana fizge tayar da hannu, a share, a mayar. Idan ɗakinka tayil ne ko siminti, ka nemi tayoyi masu laushin roba, domin masu taurin an yi su ne don kafet. Gargaɗi guda: silindar nan cike take da iskar gas da aka matse, don haka kada a bar mai walda ya sa mata wuta ko ya huda ta.

Malami a jami'a, Arkilla:

Malam Akawu, abin da mai gyara ya faɗa daidai ne, ni kuma zan yi magana a kan daɗin zama, tunda Aeron ta hannu nake amfani da ita a ɗakin karatuna. An fara fitar da wannan kujera ne a 1994, Bill Stumpf da Don Chadwick ne suka tsara ta, kuma an sake fasalinta a 2016, don haka akwai tsohon samfuri da sabo a kasuwa, bai kamata a sayar maka da tsohon a kuɗin sabon ba. Abin da ya bambanta ta shi ne ba ta da soso a mazauni da majingina, raga ce aka ɗame a jikin firam. A garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin abu ba ne: iska na ratsawa, rigar mutum ba ta mannewa a bayansa. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mutumin Sakkwato ya fifita raga a kan leda, wadda zafi da gumi ke fasa ta.

Sai dai akwai abubuwan da dillali ba zai gaya maka ba. Aeron girma uku ce, A da B da C, kuma ba a iya tsawaita mazauninta ko a rage shi, saboda haka idan ka sayi wadda ba girmanka ba, babu yadda za a yi da ita. Idan ka sa yatsa a bayan gefen sama na majingina za ka ji 'yan ƙulle-ƙulle: ɗaya na nufin A, biyu B, uku C. Haka nan gefen mazaunin mai tauri ne, don haka wanda ya saba harɗe ƙafa a kan kujera, kamar yadda da yawa daga cikinmu da muka tashi a kan tabarma muke yi ba tare da mun lura ba, zai ji yana danne masa cinya. Ragar kuma idan ta saki ko ta yage, ba a ɗinke ta, sai an canza mazaunin gaba ɗaya.

Leap, wadda ta fito a 1999, mai soso ce, ta fi riƙe zafi, amma ana iya matsar da mazauninta gaba ko baya, majinginarta kuma tana lanƙwasa ta bi bayan mutum. Ta fi dacewa da ofishin da mutane daban-daban ke zama a kujera ɗaya, kuma kafintan kushin zai iya sake mata yadi. Ranar Juma'a dai, kowacce ka saya, ka tattare babbar rigarka kafin ka zauna, domin tayoyi ba sa girmama aikin allura.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi, Gawon Nama:

Malam, sannu da jiki. Ina so in ja hankalinka ga abin da ya kawo maganar tun farko, wato ciwon ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma a mafi yawan lokuta ba a iya danganta shi da wata cuta guda. Kujera mai kyau tana rage gajiya, amma ba magani ba ce, kuma ko mafi tsadar kujera ba ta da amfani idan ba a daidaita ta ba. Tafin ƙafarka ya zauna sosai a ƙasa, gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa da shi, a bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa, tudun majingina ya shiga lanƙwasar ƙasan baya, hannuwan kujera su tallafi gwiwar hannu ba tare da kafaɗa ta ɗage ba, sannan saman allon kwamfuta ya kasance daidai da idonka. Sau da yawa teburi ne ya yi tsawo, sai mutum ya ɗaga kujera ƙafafunsa su riƙa lilo, a nan abin da ake buƙata shi ne ɗan katakon ɗora ƙafa.

Kada tashi sallar Azahar da La'asar ya zama shi kaɗai ne motsinka a yini, ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa a kai a kai. Idan kuwa ciwon yana sauka zuwa ƙafa, ko kana jin ƙafar ta mutu ko ta yi rauni, ko riƙe fitsari ya fara gagara, to, asibiti za ka nufa ba tare da jinkiri ba.

Dattijo mai ritaya, Runjin Sambo:

Ɗana, ni ban gamsu da lissafin ba tukuna. Abin da ke sa sabuwar Aeron ta yi tsada har da garantin shekara 12 da kamfanin ke bayarwa, kuma wannan garanti na wanda ya saya da farko ne daga dilan da kamfanin ya amince da shi, ba ya bin kujerar zuwa hannunka. Ka haɗa da kuɗin mota na tafiyar wajen kilomita 1,000 daga Legas, da yiwuwar ta iso da karyayyen hannu. Kai akawu ne: ka fara tambayar nawa za a sake wa taka soso mai ƙarfi da yadi da silinda, sannan ka kwatanta. Idan ka ga sayen ya fi, ka sa dillali ya rubuta maka a rasit abubuwan da aka canza da wa'adin mayarwa.

Akawu daga Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, kujerar tawa majinginarta a haɗe take da mazauni, ba ta motsi ko kaɗan, shi ya sa nake shakkar ko sabon soso zai wadatar. Mai gyara, mene ne ra'ayinka?

Mai gyaran kujeru, Tsohuwar Kasuwa:

Malam, idan haka take, sabon soso zai hana ka jin katakon da ke ƙasa, amma ba zai ba ka abin da Hajiya mai gashin ƙashi ta lissafa ba, tunda babu abin da za a daidaita in ban da tsawo. Maganar Baba kan sufuri kuwa gaskiya ce. Idan ka yanke shawarar saye, ka ce a cire ƙafar kujerar da tayoyinta, a sauke hannuwan har ƙasa a naɗe su da kwali, a sa ta cikin katan, kuma kada direba ya ɗora buhu a kan ragar. Ka riƙe wani kaso na kuɗin har sai ta iso ka zauna a kanta.