Abin da aka tattauna kan zaɓen harsashin ƙaramar bindiga

1. Kowa ya yarda: lasisin 'yan sandan Ghana tukuna, kuma a riƙa sabunta shi duk shekara.

2. Mafi yawa sun zaɓi bindiga mai harsashi 9mm (irin waɗannan lambobi kaurin harsashi suke nunawa). Bugun bayanta da sauƙi, gidan harsashi kuma ya fi na .45 ɗaukar da yawa.

3. A .380 aka rabu. Wasu sun ce bindiga mai wannan harsashi ta fi ɓoyuwa a ƙarƙashin riga mara nauyi. Wasu sun ce ƙanƙantar bindigar ke sa ta fizgar hannu, harbi na biyu ya kauce.

4. Masu .38 Special, harsashin bindiga mai gidan harsashi mai juyawa (revolver): bindigar ba ta cika cijewa ba, sai dai yawanci harsashi 5 ko 6 kawai take ɗauka.

5. Gumi da iskar tekun Accra na kawo tsatsa, a riƙa shafa mai.