Tambaya: yaya jirgin koyo ya zama jirgin yaƙi?

Malamin Tuƙi, unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shekarata 14 ina koya wa mutane tuƙin mota. Motar da nake aiki da ita birki biyu gare ta, in ɗalibi ya rikice a gaban babbar kasuwa sai in taka nawa, shi ke nan. Ɗan yayata ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, bana, ya kafe shi sai tuƙin jirgin soja. Jiya da dare muna shan shayi a fada ya miƙo mini waya, ya ce, "Kawu, ga Alpha Jet, jirgin koyo ne." Ni kuwa wannan suna a rediyo na san shi, shi ne ake cewa yana ruwan wuta a dazukan Zamfara. To yaya abin yake? Kuma a sama, inda babu gefen hanya, ta yaya malami ke ƙwace jirgi daga hannun yaro? Uwarsa ta kasa barci, ina son in samu abin da zan gaya mata.

Tsohon Makanike, unguwar Ali Ɗan Sofo

Wa alaikumus salam Malam. Yaronka bai yi ƙarya ba, rediyo ma ba ta yi ba. Na yi aikin gyaran jirage a Yamai kafin in yi ritaya, bari in faɗa maka abin da na sani.

Sana'arku ɗaya da malamin jirgi. Kujeru biyu ne, amma gaba da baya. Ɗalibi a gaba, malami a baya, an ɗaga kujerarsa kaɗan don ya hango ta saman kan yaron. Sandar tuƙi biyu ce a haɗe, in ta gaba ta motsa ta baya ma ta motsa, don haka malami yana jin kuskure a tafin hannunsa tun kafin ya gan shi. In abu ya ƙi, kujerar kanta takan harba mutum waje da lema.

Kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus suka haɗa Alpha Jet, ya fara tashi a 1973. Tun farko an yi shi da wuraren rataya makami a ƙarƙashin fukafukai, domin dole ɗalibi ya koyi harbi. Najeriya ta sayi 24 a shekarun 1980, ta yi yaƙin Laberiya da Saliyo da su, daga baya Boko Haram. Dalilin kuɗi ne, Malam. Manyan jiragen yaƙi suna cin mai da kayan gyara fiye da ƙima, alhali wanda kake faɗa da shi a kan babur yake.

A 2013 an kawo Alpha Jet ɗin Najeriya Yamai saboda rikicin Mali. A watan Mayu ɗaya ya faɗi wajen garin Dargol, yamma da Yamai, matuƙa biyu suka rasu, Allah ya jiƙansu. Kada ka ɓoye wa uwar yaro wannan. Amma ka gaya mata ba a ɗora sabon shiga kan jet. Da ƙaramin jirgi mai farfela ake farawa, sai an ga hannunsa ya faɗa.

Ɗan Kasuwar Kano

Baba Makanike ya gama magana. Ni dai in ƙara: makarantar koyon jet ta sojan saman Najeriya a Kano take, L-39 suke tashi, ƙirar Cekosulobakiya, wanda aka ƙera fiye da 2,800. Jiragen koyon wasu ƙasashe kuwa, Gana da Masar da Sudan suna da K-8 na Sin da Pakistan, Aljeriya tana da Yak-130 na Rasha, Amurka kuwa har yanzu tana fama da T-38 da ya fara tashi tun 1959. Batun kujerar nan gaskiya ne. A Yulin 2021 ƴan bindiga sun harbo Alpha Jet a Zamfara, matuƙin, Abayomi Dairo, ya fice da lema, ya bi daji cikin dare har ya tsira.

Malama daga Tibiri

Ni shawarata daban ce, Malam. Ƙasarmu Nijar jiragen yaƙi Su-25 ta saya a 2013, sannan Bayraktar marasa matuƙi daga Turkiyya. Marasa matuƙin ma mutum ke sarrafa su daga ƙasa, kuma sai mai lissafi. A nuna wa yaron wannan ƙofar ma, ya riƙe lissafi da Ingilishi, ya kula da lafiyar idonsa.

Malamin Tuƙi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar sandar nan da ke motsi a hannun malami ta shige ni, don ni ma da ƙafata nake jin ɗalibi ya tsorata. In ba damuwa zan kawo maka yaron ranar Juma'a bayan la'asar, ya ji daga bakinka, har da labarin Dargol.