Yaya waya take gane waƙa har ta ɗora mata saitin da na ajiye?

Mai lasifika daga Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hayar lasifika nake yi a bukukuwan ƙauyukan da ke kewaye da Ringim, waya nake haɗawa da amfilifaya. Tsofaffin waƙoƙin kalangu da aka kwaso daga kaset, nakan rage musu kaifi in ɗaga muryar mawaƙi. Na zamani kuwa sai na sauke bes, don lasifikata ba ta jure duka. Manhajar kunna waƙa da ke wayar takan riƙe wa kowace waƙa saitinta. To ranar kasuwa na sayi sabon memori aka kwafe mini komai, yanzu da yawa ba sa ɗaukar saitin. Da ma sauraron waƙar take yi ta gane ta, ko yaya abin yake?

Mai gyaran waya, Ɗambatta:
Wa'alaikumus salam Malam. Yawancin irin waɗannan manhajoji ba sauraro suke yi ba, karatu suke yi. Abin da suke dubawa shi ne sunan fayil da wurin da yake zaune, wasu har da girmansa. Da ka canza memori adireshin ya canza, sai ta ɗauka baƙuwar waƙa ce.

Wasu kuma suna karanta ɗan bayanin da ke cikin fayil ɗin MP3, wanda ake kira ID3: sunan waƙa, mawaƙi da kundi. An fara shi a 1996, bayit 128 kacal a ƙarshen fayil, a 1998 aka fito da mai faɗi da ke zama a farko. Matsalarmu a nan ita ce masu tura waƙa da yawa suna goge wannan bayanin su rubuta sunan shagonsu. Sai ka ga waƙa hamsin duk suna ɗaya. Ina manhaja za ta bambance su?

Ɗalibi daga Haɗejia:
Yaya, akwai masu sauraron na gaskiya. Manhajar gane waƙa ta Shazam, wadda ta fara aiki a Birtaniya a 2002, Apple ya saye ta a 2018, tana ɗaukar daƙiƙoƙi kaɗan na sauti, ta tsinci wuraren da amo ya fi ƙarfi da tazarar da ke tsakaninsu, ta mayar da su lambobi kamar zanen yatsa, sannan ta gwada da rumbunta. Shi ya sa ko cikin hayaniyar biki takan gane waƙa. Manhajar MusicBrainz Picard a kwamfuta ma da irin wannan hanyar take cike ID3 ɗin da ya ɓace. Sai dai dole waƙar ta kasance a rumbun, kuma mawaƙin garinku da ya yi rikodin a ɗakinsa da wuya a same shi a can.

Mai lasifika daga Ringim:
Na gode ƙanena. Ai yawancin nawa irin waɗannan ne, kuma su mata suka fi nema a gidan biki. Ke nan sai na sake saita su ɗaya bayan ɗaya?

Mai gyaran waya, Ɗambatta:
Kada ka wahalar da kanka Malam. Idan tsohon memorin yana nan, duba sunayen foldoji da na waƙoƙi ka mayar da su yadda suke, wasu za su dawo. In sun ƙi, ka tara na kaset a folda ɗaya, na zamani a wata. Manhajar kunna waƙa ta Poweramp na ba da damar ɗora saiti a kan folda gaba ɗaya, saiti biyu sun ishe ka. Nan gaba in za a kwafe maka, ka ce a ɗauki foldar yadda take, kada a taɓa suna.